Katin Auta

"Malam, ina katin rigakafinta?"

Abin da likitan ya fara tambayata ke nan, tun bai ɗora hannu a jikin yarinyar ba. A goman ƙarshe ne na azumin 2023, wajen ƙarfe ɗayan dare. Masallatai sun ɗauki karatun tahajjud, mu kuwa muna tsaye a ɗakin taimakon gaggawa na yara, Auta a kafaɗar uwarta tana jan numfashi kamar zugazugin maƙera. Na laluba aljihun gaba, na laluba na gefe, alhali na san ba ya ciki. In faɗi gaskiya, ko kalar katin ban sani ba. Maiɗakina ce ta zaro shi daga jaka, a naɗe cikin leda, ta miƙa.

Ya buɗe, ya bi layukan da ɗan yatsa har ya iso inda biro bai taɓa ba. Ya ce, "Ta wata tara ba a yi ba." Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya tambayi sana'ata, na ce koyarwa. Ya ce me nake koyarwa, na ce kimiyya, a ƙaramar sakandare. Sai kawai ya gyaɗa kai, ya juya ya ce a kawo oksijin. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Domin a majalisarmu ta bayan la'asar ni ne lauyan rigakafi. In aka tayar da zancen, ni ake juyowa a kalla. Ina kwalejin ilimi lokacin da gwamnatin Kano, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta dakatar da ɗigon foliyo a 2003 bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa, ba a koma ba sai a Yulin 2004, bayan an samo wani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Na san cewa daga nan cutar ta tsallaka daga Najeriya zuwa ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita. Na kuma san tsoron mutane ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, cikin wani gwaji na yara kusan ɗari biyu. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Duk wannan nakan zayyana shi tiryan-tiryan, sannan in rufe da cewa amma dai jahilci ne ke kashe mana yara. Ina jin daɗin kalmar nan a bakina, don tana ajiye ni a tsallaken da nake so. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wasu, shekara da shekaru.

Katin nan yana neman a kai yaro asibiti sau shida kafin ya cika shekara ɗaya da rabi: ranar haihuwa, sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu, wata tara, sai wata goma sha biyar, ban da zuwa karɓar bitamin A. "Kyauta ne fa!" Haka nake faɗa ina buga cinya. Allurar kam kyauta ce. Sai da muka kwana tara a gadon asibiti na zauna na lissafa abin da zuwan yake ci, da wadda take biya.

A gida aka haifi Auta, tsakiyar watan Mayun 2022, da asuba, a hannun ungozomar da ta yanke wa yayyenta biyu cibiya. Haka mafi yawan matan unguwarmu suke haihuwa, a can bayan gari inda kwalta ta ƙare. Yaron da aka haifa a asibiti yakan samu allurar lamba da ta ciwon hanta da ɗigon farko kafin a sallame shi, kuma ta hantar an fi so a yi ta cikin awa ashirin da huɗu. Wanda aka haifa a ɗaka sai an ɗauke shi an kai. Wa zai kai? Mai jego ba ta fita, tana fama da ruwan zafi da kunun kanwa. Ni kuwa ina can ina fafutukar ragon suna, har da cin bashi. Wanzami ya zo a kan lokaci, an biya shi a kan lokaci. Goro da alewa ba su makara ba. Sai bayan suna ƙanwata ta goya jaririyar ta kai ta asibitin sha-ka-tafi, aka ce ranar lamba ɗaya ce a sati, ta wuce jiya. Ta koma wani satin aka yi. Ban tambaya ba, labari aka ba ni ina cin tuwo.

Ta sati shida ba ta ba da wahala ba. Kwana arba'in da biyu ke nan, an gama wanka, ana yawon arba'in, sai ta haɗa da asibitin.

Ta sati goma ce ta fara ɓata lissafi, kuma ni na ɓata shi. Akwai allurar da ake yi a cinya, a kati an rubuta Penta, wadda ta haɗa kariya daga cututtuka biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da ciwon huhu. Takan sa zazzaɓi, wurin ya kumbura, yaro ya kwana yana tsala ihu. Kwana ɗaya ne ko biyu ya wuce, kuma alama ce ta jiki yana haɗa garkuwarsa. Na san wannan, ina koyar da shi a aji. Amma ranar ina da takardun jarrabawa fiye da ɗari da zan duba, ga zafi ga sauro ga babu wuta, yarinya ta ƙi yin shiru. Wajen ƙarfe biyu na yi tsaki na ce, "Wace irin allura ce wannan, a kai yaro lafiyarsa ƙalau a dawo da shi ba lafiya?"

Da gari ya waye na manta na faɗa. Ita ba ta manta ba. Ban taɓa hana ta zuwa ba, kuma da za a sa ni rantsuwa da na rantse. Amma a gidan Bahaushe tsakin maigida ma hukunci ne. Ba wanda ya yi mata bayanin zazzaɓin a asibiti, mijinta malamin kimiyya ya yi tsaki a kansa, me ya rage ta fahimta?

Saboda haka da ranar ta sati goma sha huɗu ta zo, ƙarshen Agusta, ruwa ya cinye hanyar unguwa, ba ta ko ɗaga zancen ba. Sai bayan sati bakwai, da zuciyarta ta ƙi kwanciya, ta ɗebi kuɗi daga jarin awararta ta tafi. Awara take soyawa ana kai wa 'yan makaranta da tara. Ranar asibiti babu suya, don tun ƙarfe bakwai za ta fita ta kama layi, ba za ta dawo ba sai bayan azahar. Ga A Daidaita Sahu biyu zuwa, biyu dawowa, tunda an hana acaɓa a Kano tun 2013. A lokacin naira ɗari shida ke nan. Ga yaron da za a bar wa maƙwabta. Duk ta jure ta je. Malamar asibitin ta duba kati, ta ce mata a gaban mata, "Sai yanzu kika ga dama? Ku dai haihuwar kuka iya." An yi allurar. Ta dawo ba ta ce mini komai ba, sai a asibiti, bayan wata shida, na ji labarin.

Ba na son in ɗora wa malamar nan kaya. Daga baya na ga yadda take aiki: ita kaɗai da mataimakiya ɗaya, mata sun fi saba'in, ita ce awo, ita ce rubutu a rajista, ita ce allura. Amma maganar ta zauna a cikin maiɗakina kamar ƙaya, kuma macen da aka kunyata a gaban mata sai ta yi shawara da zuciyarta sau uku kafin ta sake komawa.

Akwai kuma abin da ya rufe mini ido, wanda na tabbata ya rufe wa maza da yawa. Masu ɗigon foliyo suna zuwa har gida, mata da hijabi da akwatin ƙanƙara a kafaɗa. In na dawo daga makaranta sai in ga sabon rubutun alli a jikin bango, in ga tawada a ɗan ƙaramin yatsan Auta, in ce alhamdulillahi an yi mata rigakafi. Ina girmama matan nan ƙwarai. Tara daga cikinsu aka harbe a Kano a Fabrairun 2013, sauran ba su fasa ba, har aka wayi gari a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. Sai dai ɗigon nan na shan inna ne kawai. Ba ruwansa da ƙyanda, ba ruwansa da mashaƙo. Shekara ashirin ana ƙwanƙwasa mana ƙofa, har kalmar rigakafi ta koma tana nufin abin da ake kawo maka, ba abin da kake tashi ka je nema ba. Maƙwabcina yakan ce, wane irin so ne wannan, a biyo ka da ɗigo har ɗaka kyauta, amma in ɗanka na zazzaɓi ko farasitamol sai ka saya? Da nakan yi masa dariya. Yanzu ina ganin tambayar tana neman amsa, kuma ba ni ne zan ba shi ba.

Auta ta cika wata tara a tsakiyar Fabrairun 2023. Duk wanda ke Najeriya a lokacin ya san abin da wannan watan yake nufi. An canza fasalin kuɗi, tsofaffin ana gudunsu, sababbin babu su. Mutum da kuɗinsa a banki yana kwana da yunwa. Masu POS suna sayar maka da kuɗinka, mai A Daidaita ba ya karɓar taransifa. Duk da haka ta je. Ta yi rabin hanya a ƙafa da goyo don kuɗin ya isa, ta isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Aka ce masu jiran ta ƙyanda su huɗu ne kacal, ba za a fasa kwalba don yara huɗu ba, su dawo wani satin, kuma su yi sammako.

Da satin ya zagayo, da daddare ta ce, "Malam, gobe ne fa allurar Auta." Ranar na yini a layin banki na dawo da naira dubu biyu, ita ce cefanen kwana uku. Na ce, "Bari dai a ga bayan zaɓe." Aka yi na shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu. Aka ɗaga na gwamnoni zuwa 18 ga Maris. Ta sake tuna mini sau ɗaya, na ce to. Kwana biyar bayan zaɓen azumi ya kama. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, don macen da ta faɗi abu sau uku sunanta mai mita, ni kuwa ban ƙara tunawa ba, don a kaina allurar yara harkar mata ce, kamar kitso da wankin tsumma.

Daga baya na ci karo da alƙaluman babban binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018. A cikin yaran Najeriya masu shekara ɗaya zuwa biyu, kashi 31 cikin ɗari ne suka kammala muhimman alluransu. Kashi 19 ba a taɓa yi musu ko ɗaya ba. A Sakkwato waɗanda suka kammala kashi 5 ne, a Anambra 76. Kowa idonsa kan kashi 19 ɗin nan yake faɗawa, kuma da dalili, don ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 'yan shekarun nan ta nuna yaran Najeriya da ba su samu ko Penta ta farko ba sun haura miliyan biyu. Amma ni da na yi ɗebewa irin ta 'yan firamare sai gabana ya faɗi. Talatin da ɗaya da goma sha tara, hamsin. Sauran hamsin ɗin fa? Su ne waɗanda suka fara ba su ƙarasa ba. Rabin yaran ƙasar nan a lokacin. Iyayensu sun yarda da allura har sun kai su an yi, sannan wani abu ya tare hanya. Ba su ne nake zagi a majalisa ba. Ashe ma a cikinsu nake zaune.

Ƙyanda da zafi take zuwa. A tsakiyar azumi yaran layinmu suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Cuta ce da ba ta da na biyu wajen yaɗuwa: yaro ɗaya yana iya shafa wa goma sha biyu har zuwa goma sha takwas in ba su da kariya, kuma ƙwayar takan yi awa biyu tana yawo a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita. Jariri yakan zo duniya da guzurin kariya daga jikin uwarsa, amma guzurin yana ƙarewa cikin 'yan watanni, shi ya sa aka sa allurar a wata tara. Auta tana da wata goma sha ɗaya, guzuri ya ƙare, allura ba ta zo ba. Ta fara da zazzaɓi da majina da tari, idanu suka yi ja suna ruwa. Kwana uku ƙuraje suka feso daga bayan kunne, suka sauko fuska, suka rufe jiki.

Hajiyarmu ta zo ta duba ta ce baƙon dauro ne, kowane yaro sai ya yi, mu ma duk mun yi. Ta ce kada a yi mata wanka, kada a fitar da ita iska, kada a kuskura a yi mata allura, sai ƙurajen sun gama fitowa, don in suka koma ciki shi ne haɗari. Aka jiƙa abin da za a jiƙa. Na ce, "Hajiya, da dai an kai ta an duba." Ta ce, "Kai da ka yi taka asibiti aka kai ka?" Na yi shiru. Na je kemis na sayo maganin zazzaɓi da na tari, na gaya wa kaina na ɗauki mataki. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko muni, don wannan karon ina gani da idona. Kwana huɗu ina kallon haƙarƙarinta yana lotsawa in ta ja numfashi. Ba zan ce Hajiya ce ta hana ni ba. Abin da ta gada ta faɗa, kuma cikin 'ya'ya tara da ta haifa ta binne uku, biyu a irin wannan lokaci na bazara. Ni na fake da biyayya ne don ina tsoron kuɗin asibiti.

A dare na huɗu leɓɓanta suka canza kala. Maiɗakina ba ta tambaye ni ba. Ta goya ta, ta sa hijabi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ni na tafi." Na bi ta da takalmi a hannu.

Ciwon huhu ne ya hau kan ƙyandar, wanda shi ne ya fi kashe yara a cikinta. Aka sa mata oksijin, aka ɗaura ruwa, ana allurai ta jijiya, aka matsa mata bitamin A a baki ranar da kuma washegari, don kare ido da rage tsananin cutar. A ɗakin da aka keɓe su, yara biyu ne a kowane gado. Maza ba sa kwana a ciki, saboda haka a baranda nake shimfiɗa kwali, kuma a barandar nan na yi karatun da ban yi a kwaleji ba. Da yake ni ne mai yawan tambaya, sai na riƙa tambayar iyayen. Wata mijinta yana cin rani a Legas, ba ta da wanda zai ba ta izinin fita, surukarta kuwa ta ce ba da yawunta ba. Wata ruwa ya ci katinta da damina, ta ji tsoron komawa hannu rabbana a yi mata faɗa, ba ta san ana sake wani ba. Wani dattijo daga ƙauye ya ce asibitin da ya fi kusa da su tafiyar awa biyu ce a ƙafa, sau biyu suna zuwa ana cewa firji ya lalace, babu allura. A duk waɗanda na zanta da su, mutum ɗaya ne tak ya ce shi bai yarda da rigakafi ba, kuma ko shi ɗin yana maganar ne yana kallon ƙasa.

Ranar jajibirin Sallah yaron da ke gado ɗaya da Auta ya cika. Jikan dattijon nan ne. Na ga an naɗe shi a zanen uwarsa, bai fi tsawon hannuna ba, aka fita da shi ana sayar da kayan Sallah a bakin titi. Muka yi ta cewa kwanansa ne ya ƙare, Allah Ya sa mai ceto ne. Haka ne, na yi imani da ƙaddara. Amma na lura da yadda hannuna yake saurin kaiwa gare ta a daren nan, kamar mai jan bargo, tun kafin a san yadda tawa za ta kasance. Ina shirya abin da zan faɗa wa mutane ne.

Allah Ya tashi kafaɗun Auta. Kwana tara aka sallame mu. Abin da na kashe ya haura albashina na wata biyu, har da keken ɗinkin maiɗakina na aure aka sayar, wato nan ma ita ta biya. Yarinyar da ta fara tsayuwa da bango ta koma ko zama sai an tokare ta. Wata shida tana faɗi-tashi: yau gudawa, gobe kunne na ruwa, jibi tari. Likitan ya ce haka ƙyanda take, ba ta tafiya ita kaɗai. Takan goge abin da garkuwar jiki ta riga ta haddace na wasu cututtuka, sai yaro ya koma kamar sabon shiga. Sai da ta kusa shekara biyu ta yi tafiya sosai.

Muna dawowa gida na ce a fito mini da katunan yayyenta. Na babban cike yake fal, har da kwanan wata da rubutuna a gefe, don lokacin ɗan fari ne, ni nake ɗaukar su a babur in jira a waje. Na biyun ya tsaya a sati goma sha huɗu, Allah ne kawai Ya tsare shi. Na Auta kuwa ga shi nan. Ina jera su a tabarma na ga tarihin aurena: yadda zumuɗi ya ragu, yara suka ƙaru, kuɗi suka ƙaranta, na janye jiki a hankali na bar mata kayan ba tare da mun taɓa zama mun raba ba. A shekarar ce kuma mashaƙo ya mamaye Kano, ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yaran da ba su kammala Penta ba. Na tuna allurar da na yi wa tsaki, wadda aka je aka ƙarasa a bayan idona da kuɗin awara.

Da Auta ta ɗan murmure, na nemi izini a makaranta ranar wata Talata. Zuwan wata tara allura uku ne, ƙyanda da shawara da sanƙarau, saboda haka biyu suna nan suna jiranta, ita ma ta ƙyandar aka ce ƙa'ida ce a yi. An riga an cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗin A Daidaita ya ninka. Na saɓa ta a kafaɗa, na riƙe hannun yayanta, muka fita tun ƙarfe bakwai.

Ni kaɗai ne namiji a kan bencin. Mata suka yi ta satar kallona suna rufe baki da hijabi. Wata tsohuwa ta matso ta ce, "Bawan Allah, uwar ta rasu ne?" Na ce tana nan lafiya, tana suya. Ta dube ni sama da ƙasa ta koma wurinta. Na zauna awa uku. Na gane benci ba shi da majingina, babu inuwa bayan ƙarfe goma, babu ruwan sha, bayan gida a kulle. Auta ta yi mini fitsari a riga.

Da layi ya zo kaina na tambayi malamar zancen kwalba, a hankali, ba da faɗa ba. Ta ajiye biro ta ce, "Malam, ta ƙyanda ta yara goma ce, ta lamba ta ashirin. In na haɗa ta da ruwanta, awa shida take yi, ragowar sai zubarwa. A takarda an ce mu fasa ko don yaro ɗaya. Amma in ta ƙare kafin a kawo wata, matan da za su zo su tarar babu fa? Kuma ni za a tambaya ina na kai ta." Ta ƙirga mu, ta duba agogo, ta buɗe akwatin ƙanƙara. Ta cike layin, ta rubuta ranar dawowa, ta ce za ta iya yin ɗan zazzaɓi, kada in damu. Na ce na sani.

Na dawo bayan azahar, rigata ta bushe a jikina. Maiɗakina tana tsakar gida tana tace waken gobe. Ta karɓi katin da gefen hannu don kada ya jiƙe, ta duba layin.

"An fasa kwalbar?"

"An fasa."

"Ku nawa ne?"

"Mu biyar."

Ta ninke katin ta mayar cikin ledarsa. "Mu huɗu ne ranar," ta ce. "Da yake sun ga namiji." Ta miƙo mini ledar, ta ce in nema masa wuri a cikin takarduna, ta koma kan tatarta.